Madarar Ingila

Na iso Makka Larabcina bai wuce sallama ba, sai na rufe kunyata da Turanci. Na taɓa yi wa wani Bature dako a Sudan, na tsinci kalmomin da ba su fi goma ba, amma na bar duk unguwarmu ta Tandabawi, inda ake jin Hausa, ta ɗauka ni tafinta ne.

Ranar ɗaya ga Muharram mutanen Makka kan sha madara don shekara ta zo da fari. Maƙwabcina Ammu Salihu, mai gasa burodi, ya kawo mini wani kwali da alhazai suka bari.

"Ya Hajji, karanta mana. Madara ce?"

Ko harafi ɗaya ban gane ba. Na gyara hula, na bi rubutun da yatsa, na leƙa na ga gari fari fat, na ce, "Madara ce, ta Ingila ma."

Ya tara dattawan unguwa, aka ɗora tukunya. Kumfa ta taso ta kashe wutar, ta gangaro har kan tabarma. Ashe garin sabulu ne. Wani tsoho da ya riga ya ɗanɗana yana ta tofarwa.

Har na fara tunanin komawa Kano a ƙafa, sai Ammu Salihu ya yi dariya har rawaninsa ya faɗi. Ya ce, "Turanci ya ƙare. Gobe ka zo in koya maka Larabci."

Ya kuwa koya mini, Allah ya saka masa. Yau ba gidan da ba na cin abinci a unguwar, amma duk Muharram sai an miƙo mini kofi a ce, "Tafinta, fara ɗanɗanawa. Ta Ingila ce?"