Yadda Za Ka Ci Sunan Gwani da dy/dx Guda Ɗaya

Ɗan'uwa malamin lissafi, idan ka haura arba'in, kana warware kalkulas a kan allo ido rufe, amma da an buɗe maka wurin rubuta lissafi a kwamfuta sai gumi ya karyo maka, matso kusa. Hanyar nan tabbatacciya ce. Shekara goma sha ɗaya ina kanta, har yau Farfesa ake ce mini a ɗakin malamai, kuma ni ake kawo wa takardun jarrabawa in tsara. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka ba zai zube ba, ko da ba ka iya ɗora dy a bisa dx ba.

1. Samo iri

Guda ɗaya tak kake buƙata, tsayayye: dy a sama, dx a ƙasa, layi a tsakani. Nawa gado ne. Tsohon mai buga mana takardu ne ya ƙera shi kafin ya yi ritaya, ni kuma na tsince shi a wani fayil. Duk dy/dx ɗin da ya fito a jarrabawar makarantarmu tun lokacin jikansa ne: in kwafa, in liƙa.

Ajiye shi wuri uku. Filas ɗin kwamfuta ɗaya nawa yana cikin gwangwanin maɓallan matata, ta ɗauka takardun gida ne a ciki. Ban gyara mata ba. Takardun gida ai ana iya sake nemowa.

2. Kada ka taɓa cikinsa

Ta gefe ake ɗaukarsa, kamar tukunya mai zafi. Na taɓa danna tsakiyarsa bisa kuskure. Nan take y ya sulale ƙasan layi, wasu ƙananan akwatuna masu ɗigo-ɗigo suka fito suna kallona, kowanne yana jiran in sa masa wani abu. Na zare wayar wuta daga bango. Bincike ya nuna kwamfutar da aka kashe ba ta tona asiri. Ni na yi binciken.

3. Mai da duniya y da x

Tunda ba ka iya canza haruffan, canza tambayoyin. Mota ta yi tafiyar nisa y cikin lokaci x. Ruwa yana zuba a tanki, zurfinsa y, lokaci x. Idan shugaban sashe ya tambaye ka me ya hana lokaci ya zama t kamar yadda yake a kowane littafi, cire tabarau, goge shi a hankali, ka ce yaran yanzu ba sa son yawan haruffa. Nawa shugaban ya jinjina kai, har ya maimaita maganar a taron iyaye.

4. Gyara zamanka

Teburinka a kusurwa, bayanka ga bango. Duk wanda ya ce ka nuna masa yadda ake yi, ka ce abin yana da ɗan tsawo, ya turo maka kawai. Zai tafi yana yi maka addu'a. Hana mutum ilimi ta hanyar yi masa alheri tsohuwar sana'a ce, ba kai ka fara ba.

5. Ranar da aka nemi na biyu

Za ta zo. Tawa ta zo a zangon da ya wuce, da shugaban sashe ya leƙo ya ce bana lallai a sa d²y/dx² a tambaya ta bakwai, wato irin nawa amma da ɗan ƙaramin biyu sama da ƙasa. Na ce masa wannan ai ƙaramin aiki ne. Haka za ka ce kai ma.

Sai ka liƙa irinka yadda yake, ka buga takardun, ka sayi baƙin biro mai siririn baki. Jira a tashi daga makaranta. Takarda ɗari biyu da goma sha biyu, kowacce ka rubuta mata ƙananan biyun nan guda biyu da hannu. Riƙe numfashi a kowanne, don ya yi kama da na inji. Daga ta sittin za su fara kama da agwagi. Ci gaba.

6. Idan an kama ka

Rufe ƙofa tun farko. Ni ban rufe ba. Ina kan ta tamanin da ɗaya sabuwar malamar fiziks, wadda ba ta girmi ƙanwata ta ƙarshe ba, ta dawo ɗaukar makullinta. Ta dubi biro, ta dubi tarin takardu. Na ce mata firinta ce ke cinye ƙananan lambobi. Ta ce lallai firintar nan ba ta da kirki.

Ta ɗauki makullin, ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo.

“Farfesa, don Allah ku duba mini ko daidai nake buga nawa a kwamfuta. Ina jin kamar ina kuskure.”

Ta ja kujera gefena, inda shekara goma sha ɗaya ba wanda ya zauna. Ta danna maɓalli biyu tare, akwatunan nan masu ɗigo-ɗigo suka fito. Ko gezau ba ta yi ba. Ta cika na sama, ta cika na ƙasa, ta ɗora ƙananan biyun kowanne a mazauninsa. Duka bai kai minti ɗaya ba.

A nan ake gane gwani. Haɗe gira, ka ce: “Ba laifi. Amma kina sauri. Sake, a hankali.”

Sau uku na sa ta sake. A na ukun har tana faɗin sunan kowane maɓalli a fili, wai don kada ta manta.

7. Yi shiru

Muna cikin haka shugaban sashe ya shigo, ya gan ta tana bugawa, ni na harɗe hannu ina gyaɗa kai. Ya ce abin da yake so ke nan, manya su riƙa koya wa na baya. Zuciyarka za ta ce ka buɗe baki a wannan gaɓar. Kada ka saurare ta.

Malamar ce ta amsa. Ta ce yau kam ta ƙaru sosai. Tana faɗa tana tura takardun biron ƙarƙashin rajista da gwiwar hannu.

Aka sake buga jarrabawa, tambaya ta bakwai ta fito tsaf, shugaban ya yaba mini a gaban kowa.

Sanarwa

Marubucin ba shi da hannu a ciwon wuyan hannu, asarar takarda, ko duk abin da ya biyo bayan bin shawararsa. Alkawarinsa ɗaya ne, cewa sunanka zai tsira, kuma nasa ya tsira. Bai yi maka alkawarin za ka ji daɗin sunan ba. Kowace safiya malamar tana gaishe ni da “Ina kwana, Farfesa,” ni kuma in ɗago in binciki fuskarta. Wata huɗu ke nan ban kama ta tana murmushi ba ko sau ɗaya. Wanda ya san maganin wannan ya rubuta nasa matakan, ni ban da shi.