Kayan da Gari Ya Sa wa Ya'ƙub

"Lahiya lau, Murjanatu. Ya yara? To mi kike kallo haka?"

Ya'ƙub manomin albasa ne daga Gumbin Kure. Shekara guda ke nan da samun jihar Kebbi, manoman garinsu suka zaɓe shi ya je Birnin Kebbi ya roƙo musu takin zamani kafin dashe ya wuce. Bai taɓa shiga ofis ba. A hanya ya biya Jega Firchin wajen taubashiyarsa Murjanatu, ɗiyar ƙanwar babansa, mai ɗinkin huluna. Babbar rigarsa ta saƙi ce, 'yar cikin ta shadda mai furanni, wandon barage mai jan zane, hular kuwa launinta ya kai bakwai.

Murjanatu ta ajiye allura ta ce, "Ina neman mutumen ne cikin kayan. Shagon yadi yaf faɗo maka?"

"Ɗiyar mace ba ta san ado ba. Tun daga tasha ake buɗa min hanya."

"Mahaukaci ma buɗa mai akai. Sama zabo, tsakiya lambu, ƙasa gobara. Wa za a saurara cikin su ukun?"

"Ni za a saurara. Wagga riga ta hi gidanku daraja, har da ke ciki."

"Rigar na gane ta, ta Kawu ce, babanka, Allah shi jiƙan shi. Shi ya cika ta. Kai ko kamar an rataya ta ga itace don korar tsuntsaye."

"Amin. Bakinki dai ya hi zarenki tsawo, shi ya sa hulunanki ke kwana kasuwa."

"Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. Tuɓe wandon ga da hular, in ba ka so masinja shi tare ka bakin ƙohwa."

Ya'ƙub ya zauna a kan tabarma, ya ja wuyan rigar ya gyara.

"Ba su tuɓuwa," in ji shi. "Wandon na Ɗantsoho ne, da shi yay yi aure. Hular ta Malami ce, daga kai nai yac cire yas sa min gaban jama'a. Shaddar Goggo Yalwa tac ciro daga akwatin mijinta. Kowa ya ce abin shi shi je Birni. In na aje guda, da wane ido zan koma?"

"Ashe gari anka naɗe anka aiko. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, ku naku hannuwan sunka ƙazanta ta."

"Ki yi dariyarki. In takin ga bai samu ba, albasarmu bana ba ta wuce ƙwan tantabara."

Murjanatu ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da farin wandon maigidanta da wata farar hula mai ɗan aikin shuɗin zare a baki.

"Zane da zane kamar zakara biyu ne a akurki guda. Bari saƙin shi yi magana, sauran su yi shiru. Ɗora hwarin wandon ga bisa na Ɗantsoho."

"Wando biyu, da zahin ga? So kike in dahu?"

"Ɗanye kake tun haihuwa, dahuwar ta yi maka amfani. Hular Malami ta shiga aljihu. Shaddar ko riga ta ruhe ta, in dai ba ka ɗaga hannu sama kamar mai kiran shanu."

"In sunka tambaye ni gida?"

"Ka ce kowane ya shiga ohis. Ka yi ƙarya?"

Ya shiga zaure ya sauya, ya dawo yana tafiya ƙafa a buɗe. Ta miƙa masa madubi. Ya daɗe yana duba, ya karkata hular hagu, ya maido ta dama.

"Kyawona ne yat taimaki hular," ya ce.

"Awo. Ai da ganinka har na ɗauka mutum ne. Yanzu mi za ka ce musu?"

"In ce ranku shi daɗe, mun zo neman taki."

"Ka ƙara da yawan gonakin da ranar dashe, sannan ka yi shiru. Shirunka ya hi maganarka kwarjini."

Ya'ƙub ya yi dariya har ya dafa bango.

"Yau dai ɗiyar mace ta kada ɗan namiji, amma kada a ji a waje. Jibi in na dawo ni kawo miki hularki."

"Riƙe abarka. Hular da ta wuni bisa kan manomin albasa, wa zan sai wa?"

Ya taɓa aljihu ya ji hular Malami tana nan, ya kama hanyar tasha a hankali, saboda wandunan.