Rasuwar Ɗan Aiken Asger Bundgaard

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda tasa ce shi kaɗai, Asger Bundgaard na ofishinmu da ke Aarhus yana sanar da abokan aiki rasuwar Ɗan Aike. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da hantsi a hannun shugabar sashenmu, Solvej Kragh, wadda ta goge shi tana taunar karas.

Marigayin ɗan guntun rubutu ne a cikin manhajar shagonmu na intanet, inda muke sayar da rigunan ruwa. Asger ne ya haife shi tun kamfanin yana ɗaki ɗaya a saman gidan burodi. Aikinsa kai saƙo tsakanin sassan shafin. In mai saye ya zaɓi riga, shi ke gaya wa Kwando, inda ake tara kayan da aka zaɓa. In Kwando ya cika, shi ke tashin Maɓallin Biya daga barci. Bai taɓa cewa ya gaji ba, ko a watan Yuli da kowa ke guduwa hutu yana bakin aikinsa.

Amma ba a yi wa mamaci shaidar zur: bawan Allahn nan bai iya raɗa ba. Ka ba shi saƙon mutum ɗaya, sai ya fito tsakar gida ya yi shela. Asger kuma, don son ɗa, ya maƙala masa ƙararrawa a kwamfutarsa, kowane saƙo sai ka ji ƙil! Wuni guda ƙil-ƙil-ƙil, har kanmu ya saba.

Wa ke faɗa wa wa, me aka faɗa, babu wanda ya sani sai Asger. Don haka duk abin da ya lalace, a teburinsa ake jerin gwano, kowa da kofin gahawa na toshiya a hannu. Shi kuwa sai ya jingina, ya gyara tabarau, ya bar ka a tsaye kafin ya tanka. Mutum ne da ko a walimar Kirsimeti ba ya iya haɗa jimla biyu, gida kuma daga shi sai keke. Wannan layin shi ne duk zumuncinsa a duniya, kuma yana tsoron ranar da zai watse.

Jinyar ta faro ne daga Kwando. Duk buɗewa sai ya miƙa wa marigayin sabon kunne na jiran saƙo, amma ba a koya masa janyewa in an rufe shi ba. Kunnuwa suka yi ta taruwa, saƙo ɗaya ya koma goma. Wata tsohuwa a Skagen, mai yawan shiga da fita kafin ta yanke shawara, ta saya wa jikanta riga ɗaya. Sai ga mota ta sauke mata kaya kamar za ta yi wa masuntan garin anko.

Nan Solvej ta kafa doka: daga yau uwar shafi ce ke ba 'ya'yanta saƙo, ɗa in yana da magana ya kai wa uwarsa, tsegumin 'yan uwa ta taga ya ƙare, Ɗan Aike kuwa goge shi za a yi. Asger ya miƙe.

"Ki taɓa shi ki gani, Solvej. Kafin abincin rana za ki zo kina roƙona."

"To tsoho, in zan zo zan taho da kofi," in ji ta, ta danna maɓallin gogewa.

Ƙil. Daga nan shiru. Aka ci baƙin burodi da kifi, aka dawo, babu abin da ya rushe. Shafin ma sauri ya ƙara, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Asger rai.

Marigayin ya bar Kwando da Maɓallin Biya da Akwatin Bincike, waɗanda ko sanin ya mutu ba su yi ba. Ya kuma bar wani ɗan tallan rangwamen bara da har yanzu yake kasa kunne a lungu, an rasa mai ƙarfin halin faɗa masa.

Za a yi zaman makoki ranar Juma'a da yamma a kicin ɗin ofis. Bisa al'ada, wanda ya yi kwaɓa shi ke kawo kek, bincike kuwa ya nuna wanda ya manta da kunnuwan Kwando shi ne uban mamacin. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Asger ya ce da hannunsa zai gasa, don haka a zo da shirin haƙuri.

Ba a buƙatar furanni. Roƙo ɗaya ne. Tun Litinin ba wanda ya tsaya a teburin Asger, jiya kuma an gan shi yana goge tabarau yana kallon ƙofa har aka tashi. Masu ta'aziyya su daure su biya ta wajensa, su tambaye shi wani abu, ko da sun san amsar. Amma a riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, don in kun taru zai gane.