Yadda Dattijo Zai Ji Labarin Tsoro Alhali Amininsa Yana Bayansa

Sunana Barau, daga Toranke. Noma nake yi. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, ya kuma ishe ni. Ban taɓa jin tsoro ba, saboda haka ni ya dace in koya maka wannan. In ka bi abin da zan faɗa daki-daki, za ka ji labarin tsoron nan na waya daga farko har ƙarshe, girmanka bai zube ba, amininka bai guje ka ba. Na lamunce maka. In ka tsallake mataki, kai ka sani.

Mataki na ɗaya: Kada ka saurara

Dattijo ba ya sauraren littafin waya. Na mata ne da marasa aikin yi. Ka faɗi haka da ƙarfi, kowa ya ji.

Haka na faɗa lokacin da autata Halima Sadiya ta zo wankan jego daga Gaya, da wayarta a hannu. Kullum bayan azahar sai ta kunna wani littafi, wata mata tana karantawa. Ita da uwarta Talatu da matan maƙwabta su baje a tsakar gida, suna ɗinkin hula suna ji.

In ka gama faɗa, ka ɗauki tabarmarka ka shimfiɗa a zaure, jikin bangon da ya fi kusa da su. Ka ce nan ya fi iska. Ka ɗauko fartanya ka kama gyaran ƙota. Mai gyaran ƙota ba saurare yake ba. Labarin ne ya zo ya tarar da shi.

Mataki na biyu: Ka san labarin, don ka raina shi da hujja

Ga shi a taƙaice. Yara biyu ne, tare suka tashi. Wata rana suka je wanka kududdufi, wani abu ya faru a cikin ruwan, mai littafin ta ƙi faɗa. Dukansu suka fito da rai. Amma tun daga ranar, ɗaya ba ya yarda ya shiga gaban ɗaya. Kullum yana baya. Suka girma, suka yi aure, suka yi furfura, yana baya. Na gaban ne yake ba da labarin. Yana tafe yana jin takun abokinsa. In ya tsaya, takun ya tsaya. In ya waiwaya, sai ya ga murmushi.

Iyakar abin ke nan. Babu aljani, babu maye, babu wuƙa. Na jira dodo, bai zo ba. Mutum ne kawai yake tafiya a bayan mutum.

Amma ka ga mata. Hajo maƙwabciyarmu ta soke yatsanta da allura. Ta ce, "Wallahi na bayan nan ba mutum ba ne. A cikin ruwan aka musanya shi."

Talatu ta ce, "Mutum ne, Hajo. Shi ya sa abin ya fi muni."

Halima kuma tana karanto musu abin da sauran masu saurare suke rubutawa a waya. Wata daga Kademi ta hana 'ya'yanta zuwa kududdufi. Wata ta buga wa ƙawarta ta yarinta, ko sallama babu, ta ce me na taɓa yi miki. Wani ƙato, namiji, ya ce yanzu in zai hau motar Kano daga Ajingi, kujerar ƙarshe yake zama, don kada a samu kowa a bayansa.

A nan za ka yi tsaki daga zaure. Guda ɗaya. In ka yawaita za a gane kana biye.

Mataki na uku: In za ka yi tambaya, ka yi ta kamar faɗa

Wayar za ta mutu a daidai inda bai kamata ba. Halinta ke nan. Kada ka ce me ya faru. Ka ɗaga murya.

Na ce, "Ke Halima, shirmen naku ya ƙare ne mu huta?"

"A'a, Baba, caji ne ya ƙare."

"To a kai ta caji mana. A gama, a huta."

Talatu ta ce, "Malam, ai na ɗauka ba ka ji."

"Hutun nake so."

Kada ka ƙara komai. Mai yawan bayani shi ne mai laifi.

Mataki na huɗu: Kada ka kwatanta da kanka

Wannan ya fi kowanne muhimmanci.

Ina da amini, Gwadabe. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki, tare muka yi wanka a kududdufin bayan gari. Da yamma kowa ya fito da akushinsa, mu ci a ƙofar gidana. Na girme shi da damina guda, kuma ban taɓa barin ya manta ba.

Gonakinmu a jere suke. Hanyar zuwa siririya ce, ta ratsa ta tsakiyar gyaɗar wani mutum, Kawu. Mutum ɗaya take ɗauka. A wajenmu babba ne a gaba, ƙarami a baya. Haka muka tarar. Ni a gaba, Gwadabe a baya, tun ba mu da gemu.

Wannan bai shafi littafin ba. Ka gaya wa kanka haka tun kafin ka fita.

In kun kama hanya da safe, kada ka saurari takunsa. In ka saurara, kada ka tsaya don gwaji. Ni na tsaya, amma ƙaya ce ta shiga takalmina. Takun ya tsaya. Na waiwaya. Ga Gwadabe da fartanya a kafaɗa, ga haƙora a waje.

Ya ce, "Lafiya, Barau?"

Na ce, "Me kake wa dariya?"

"Wa yake dariya? Rana ce a idona."

Rana kuwa a bayansa take.

Ka riƙe wannan: dattijo ba ya gudu. Yana dai iya ɗaga ƙafa. Ranar na riga shi isa gona da nisa.

Mataki na biyar: Ka nemi sa shi a gaba, ba tare da ka sauka daga girmanka ba

Nan wahalar take. In ka ce masa wuce, ka miƙa masa daminar da ka fi shi. Kafin la'asar duk Toranke an ji Barau yana bin bayan ƙaninsa. Sai dabara.

Ka durƙusa gyaran takalmi. Zai tsaya ya jira ka. Ka ce ka manta goro a gida. Zai juyo ya bi ka, a bayan dai. Ka ce ka ga maciji, ya wuce ya duba. Zai ce babba ne yake duba maciji.

Da dabarun suka ƙare, na ce, "Wuce mana."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni? In wuce ka? Yau kuma?"

"Girmama ka nake."

"Barau, kai da ko goro ka fasa, babban ɓarin kake ɗauka? Ajiye girmanka. Me na yi maka?"

Na ce ba komai. In aka tambaye ka haka, kada ka ce ba komai. Nemi wata amsar. Wannan ba ta gamsar da kowa.

Mataki na shida: Kada ka fara fita kai kaɗai

Wasu za su ba ka shawara ka riƙa sammako ka bar shi. Na gwada, don in gaya maka sakamakon. Ba shi da kyau.

Da fari Gwadabe ya riƙa sallama a ƙofar gida, a ce masa na tafi. Daga baya ya daina sallamar. Daga nan ya daina fito da akushinsa. Ina zaune da tuwo ni kaɗai, kaji suna kallona. Tuwon ya ƙi wucewa. Laifin miya ne, na kuma faɗa wa mai miyar.

Sai ga Hure, matar Gwadabe, ta shigo wajen Talatu. Daga zaure na ji ta. "Yaya Talatu, maigidana ko abinci ba ya ci. Ya ce in tambaya, in laifi ya yi a faɗa masa, ya ba da haƙuri tun suna da rai."

Da ta fita, Talatu ta leƙo. "Malam, abota tun ta kaciya za ka kashe saboda wata mata da take magana a cikin waya?"

Na ce, "Ban san wata waya ba."

"To ƙotar nan, in ka ƙara fiƙe ta, sai dai a yi tsinken sakace da ita."

Kada ka amsa. Ka canza ƙota.

Mataki na bakwai: Ka daure ka ji ƙarshen

Kada ka tsaya a tsakiya. Tsakiyar ce take lalata mutum.

Ga yadda ya ƙare. Ashe na gaban, mai ba da labarin, shi ne ya danna kan abokinsa a cikin ruwa ranar nan, ya kuma shafe abin daga ransa. Na bayan bai manta ba. Shi ya sa bai ƙara yarda ya ba shi baya ba. Murmushin ma na tsoro ne.

Matan tsakar gida suka ajiye allura. Can Hajo ta ce, "Innalillahi! Ashe da mugun muke zaune, muna ta tausaya masa!" Halima ta ce masu saurare sun rabu biyu: masu tsine wa mai littafin, da masu roƙon ta ƙara. Ƙaton nan na motar Kano ya rubuto cewa yanzu bai san inda zai zauna ba.

Ni dai na fahimci abu ɗaya: na baya ba shi da laifi. Ba don na taɓa zarginsa ba. Da safe na yi sallama a ƙofar Gwadabe, na ce ya fito mu tafi. Ya fito da fartanyarsa a kafaɗa. Da muka kai bakin hanyar nan siririya, sai ya coge.

Ya ce, "Barau, ranar nan a kududdufi, da na sha ruwa har na yi amai. Wa ya danna ni?"

Na ce, "Ni na tsamo ka!"

"Haka kake faɗa. Na gaban ma haka yake faɗa."

Na dube shi. "Ashe kana ji?"

"Wa? Ni? Ƙota nake gyarawa a jikin katanga."

"To wuce gaba."

"In ba ka bayana? Allah ya kiyaye."

"To tsaya a bayan."

"Kana waiwayena kamar wanda na sace wa akuya? Na gaji."

Muka tsaya. Rana tana ɗagawa. Wata mai tallan fura ta zo, ta rasa ta inda za ta wuce.

Mataki na takwas: Ku jera

Wannan ne maganin, kuma ni na gano shi, ko me Gwadabe zai gaya maka. Ku tafi kafaɗa da kafaɗa. Kowa ƙafa ɗaya a hanya, ƙafa ɗaya a gyaɗar Kawu. Don kada girmanka ya salwanta, ka sa kafaɗarka ta ɗan fi tasa gaba, kamar faɗin yatsa. Zai lura, zai matso. Kai ma ka matsa. Za ku isa gona da wuri.

Kawu zai zo. Namu ya zo, ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, "Baba Barau, wani abu yana tattake mini gyaɗa, layi biyu, dama da hagu."

Na ce, "Shanu ne."

"Shanu da takalmin roba, Baba?"

Na ce zamani ya canza. Gwadabe ya ce shi ma ya gani.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka. In kun jera, za ka fara jin maganarsa. Kunnena ya daɗe da yin nauyi. Duk shekarun nan Gwadabe yana surutu a bayana, ni kuma in ce haka ne, in ci gaba da tafiya. Yanzu bakinsa yana daidai kunnena. Ashe mutumin yana da labari. Ya san wanda ya sayar da gona a ɓoye, ya san wanda ya rina gemu.

Na ce, "Wai duk shekarun nan me kake faɗa a baya?"

Ya ce, "Yawanci cewa nake tafiyarka kamar ta agwagwa."

"Ni kuma in ce me?"

"Ka ce haka ne."

Da yamma ya fito da akushinsa. Na fasa goro, na ba shi ƙaramin ɓarin, don ya san komai ya koma yadda yake.

Gargaɗi

Abin da na sani ke nan, na faɗa. In ka bi, mai gyaɗa ya kai ka wajen mai gari, kada ka ambaci sunana. In ƙotarka ta ƙare, ba ni da wata. In ka tuna wani abu da ya faru a kududdufinku, tsakaninka ne da amininka, ban je wankan ba. In kuma ka ji abin da yake faɗa a bayanka, ranka ya ɓaci, kai ka kai kunnenka.

Ni dai ban ji tsoro ba, kuma tafiyata ba ta agwagwa ba ce. Na faɗa wa Talatu haka. Ko kai ba ta ɗago daga hularta ba, ta ce, "Haka ne, Malam."