Rasuwar Firjin Mama na Ɗakin Gwaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnen hagu da har yau bai koma bakin aiki ba, Mama ta ɗakin gwaje-gwajen sinadarai take sanar da malamai, ɗalibai, da duk wanda ya taɓa shan ruwan sanyi a ɗakin nan, rasuwar tsohon abokin zamanta, Firji. Ya bar mu ranar Talata da rana tsaka, bayan gajeriyar jinya da babbar ƙara.

Ga wanda bai san Mama ba, ita ce mai riƙe da makullan ɗakin, ita ke raba wa ɗalibai kwalabe da sinadarai, kuma ba a taɓa yin wanda ya fita da digiri bai sha faɗanta ba. Marigayin ba kayan jami'a ba ne. Daga kicin ɗinta ta ɗauko shi a bayan motar ƙaninta, a zamanin da sashe ya yi ta alkawarin firji har alkawarin ya yi furfura. Aka ajiye shi a lungu tsakanin wurin wanke hannu da kabad ɗin asid, bai ƙara motsawa ba sai ranar da ya motsa gaba ɗaya.

Ya kasance mai haƙuri, mai faɗin ciki, wanda bai san wariya ba. A sama kular abincin malamai. A tsakiya kwalaben ɗalibai, masu suna da waɗanda sunansu ya goge. A jikin ƙofa allurar ciwon sukari ta direban sashe, kafaɗa da kafaɗa da wani shuɗin ruwa da mai shi ya gama karatu, ya yi aure, har 'ya'yansa sun shiga makaranta. Duk ya rungume su bai taɓa tambayar kowa asalinsa ba. Dokar Mama kuwa guda ce: abin da ba ka san inda za ka ajiye ba, sa a firji. Ɗalibai sun haddace wannan fiye da abin da ake koya musu a aji, an ma ce wasu sun tafi da shi wasu jami'o'in suna yaɗawa.

Za a daɗe ana tuna muryarsa. Da safe yakan yi "hummm" kamar dattijon da aka kawo wa ƙara, in ya gaji ya yi "ƙat", ya girgiza, kwalabe su amsa masa da "ƙil-ƙil-ƙil". Mama takan ce gaisuwa ce. Sai yanzu aka fahimtar da ita cewa "ƙat" ɗin nan tartsatsin wuta ne a cikin cikinsa, irin na kowane firjin gida. Wato shekara da shekaru bawan Allah yana ƙyasta ashana a ɗakin da Mama ke korar mutum in ta ga ashana a aljihunsa.

Ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. Jami'in kiyaye haɗurra, wani siririn mutum mai ladabi, ya zo ya liƙa takarda a ƙofar marigayin: ban da abinci, ban da abu mai kama wuta. Mama ta gode masa, ta shaida masa cewa tun yana rarrafe firjin nan ke aiki, sannan ta tsiyaya masa ruwan sanyi daga ciki. Ya riƙe kofin har ya fita bai kai baki ba. Takardar kuwa ta samu tawul ya rufa mata asiri.

Ciwon ajali ya zo ta hannun Mai Ganye, ɗalibar digiri na biyu da ta ƙare ƙuruciyarta tana jiƙa ganye a wani sinadari wanda tururinsa kaɗai ya isa ya tashi gobara. Duk ruwan ganyen da ta tace tun farkon karatunta yana cikin marigayin, ga ranar kare bincikenta ta ƙarato. A ranar Talatar nan, yarinyar ta zo da kwalba a hannu ta ce, "Mama, murfin ya tsage. Ina zan kai?"

Mama ta ce, "Ɗaure bakin da leda, 'yata, ki sa a firji. Me zai faru?"

Ba a jima ba aka ɗauke wuta. Ciki ya ɗumama, tururi ya taru, leda ta yi iya nata ta sallama. Da aka dawo da wuta marigayin ya yi "hummm", ya yi "ƙat" na ƙarshe, sannan ya faɗi kalmar da bai taɓa faɗi ba: "Dum!" Ƙofarsa ta tashi sama, ta bi ta kan teburan da ɗalibai ke tsayawa kullum, ta sauka a jikin allo. Ɗaliban suna wajen laccar wani farfesa da bai taɓa tashi a kan lokaci ba, kuma wannan ne karon farko da aka yi masa godiya a kan haka. Mama tana ɗakin ajiya, ta fito da kunne guda.

Mai Ganye ba ta yi kuka ba. Ta tsaya ta dubi aikinta yana zuba daga silin, ta ɗauki jakarta ta fita. Tun ranar daga nesa take gaida Mama, gaisuwar da ake yi wa maƙwabcin da ba a shiri da shi. Wannan ya fi kunnen ciwo.

Marigayin ya bar butar dafa shayi, wadda ita ma an kore ta daga ɗakin. Tukunyar kashe gobara, wadda ta halarci abin a matsayin 'yar kallo don numfashinta ya ƙare tun tuni. Akwatin taimakon gaggawa da audugarsa da cokali guda. Da tabarau na kare ido cikin kwali, sababbi fil, marayu tun kafin a yi mutuwar.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi. Za a kwantar da gawar a bakin ƙofar ɗakin, sababbin ɗalibai su bi layi su gani, kowa da farar riga, da tabarau, da rufaffen takalmi. Mama da kanta za ta tsaya a kansa ta yi bayanin sanadin mutuwa, bisa umarnin shugaban sashe. Ta roƙi a yafe mata saboda kunne, aka ce ai bakin lafiya lau yake. Ba za a raba ko ruwa ba.

Mai son yin ta'aziyya kada ya zo hannu rabbana, ya taho da ganye, samfurinsa na kan teburin ƙofa. Mama ta ɗauki nauyin tsincewa da shanyawa da daka, har sai an mayar wa yarinyar nan abin da za ta kare. Mai Ganye ba ta ce za ta zo ba, ba ta kuma ce ba za ta zo ba. Mama dai ta ajiye kujera biyu a gefen turmi.