Waken Almoustapha

Da Kaka Kadidiya ta shigo gidanmu na Tahoua daga Kalfu, kowa na kallon tulun nonon da ta ɗauko. Ni kuwa na hangi wata takarda ɗaure a bakin gyalenta. Yayana Almoustapha, ma'aikaci a buron gona, wato ofishin noma, ya tare ta tun daga zaure.

"...Lahiya lau, amarya. Wa ya ba ki izinin hita ba ki tambayi mijinki ba?"

"Miji? Kai da iska ke kaɗawa kamar karan dawa? Ƙara ni kawo. Wani malalaci ya bar wakenshi gab da gonata, bai yi roro ba. Tsutsa ta cinye rabi, yanzu ta hwaɗa ma nawa."

Yaya ya gyara wuyan riga. "Kada ki taɓa, tsohuwa. Sai ki sanar da maigari, kwamitin filaye ya je ya gani, a aika wa mai gonar takarda. In wa'adi ya cika bai zo ba, a tuge a gaban shaidu."

"Maigari ya ji. Kwamiti ya gani."

"Da waɗannan ƙahwahun naki? Jaki ya kai ki?"

"Jakin ya hi ka zuwa gona."

"To, sai hatimin buronmu. Shi kuwa ba a ba marar haƙori."

Kaka ta kwance gyale, ta miƙa masa takardar. "Karanta, mai haƙora."

Ya fara da ƙarfi, sai murya ta riƙa raguwa. Gonar da Baba ya yanka masa ce, wadda bai leƙa ba tun shuka. Hatimin buronsu na ƙasa, da sa hannunsa.

"Ni na sa hannu ga wannan?"

"Ranar Litinin. Sule na kwamiti ya kai maka, kana ta latsa waya, ko kai ba ka ɗaga ba. Saura kwana biyu, ango. Jibi a tuge, awakina su ci harawa."

"Ashe mace na kai ƙarar mijinta?"

"In ya bar ta da tsutsa."

Yaya ya yi dariya har ya dafa bango. "Kin ci, amarya. Kwandon farko naki ne."

"Biyu. Ɗaya na jakin."

Da la'asar ya ari buhuna uku wurin Inna, ya ɗaure su a bayan babur.