Karachi Wahabu da Kifayen da Suka Ji Sanyi

Duk faɗin Tamale, daga Nyohini har Kanvili, ba a taɓa yin ɗan boko irin Karachi Wahabu ba (Karachi shi ne akawun gwamnati a bakin mutanen garin). Aljihun rigarsa cike da alƙaluma, har akwai ɗaya mai rubutu. Idonsa garau, amma ba ya rabuwa da tabarau, don ilimin ya yi yawa, in ba a tare ba sai ya zubo.

Da ƙasa ta samu 'yancin kai, Baturen ofishinsu ya ɗaure kaya. Wani ya gaji kujera, wani ya gaji fanka. Wahabu ya gaji akwatin gilashi cike da ruwa, da jajayen kifaye 'yan mitsi-mitsi, da siririn ma'aunin zafi rataye a ciki. Nan take 'yan unguwa suka naɗa shi Sarkin Ruwan Falo. Ya ji sunan, ya ɗauka yabo ne, ya ƙara wa tafiyarsa faɗi.

Ana nan sai aka ce za a kafa kwamitin ruwan sha na unguwa, kuma Alhaji Tahidu, babban dillalin goro, shi zai zaɓi shugaba. To wa ya cancanta in ba mai kogi a falonsa ba? Wahabu ya gayyaci Alhaji da dattawa cin abincin rana.

Ran nan da safe ya ciro ma'aunin yana goge shi da hankici, ya suɓuce, ƙas, ya bugi bakin tebur. Gindinsa ya tsage, jan ruwan ciki ya tsiyaye, ɗan ragowar ya kwanta can ƙasa. Da jahili ne, da sai ya ce abu ya lalace. Wahabu ya mayar da shi cikin ruwa, ya leƙa, ya dafe ƙirji.

"Humu! Kifayena na rawar ɗari! Ɗora ruwa a wuta!"

Watan Maris ne fa, lokacin da ko ƙadangare ɗage ƙafa yake yi saboda zafin ƙasa. Matarsa Humu ta share gumi da bakin zane. "Maigida, sanyi? Yau?"

"Ke jikinki kike ji, ni kimiyya nake karantawa. Kayan Ingila ba ya ƙarya."

Ya rage ruwan akwatin da kwano, ya juye tafasasshe. Jan layi bai motsa ba. Ya ƙara. Ko gezau.

Baƙi suka iso suka same shi ya naɗe hannun riga, buta a hannu. Ya gyara murya.

"Alhaji, dattawa, Turawa sun tafi, amma sun bar ilimin ruwa a hannu nagari. Ruwa ba abin da kowa zai taɓa ba ne. Kun ga jan layin nan? Ni kaɗai ke jin yarensa a Arewa duka. Kun ga yadda kifayen ke tsalle? Godiya suke mini."

Ya sake juye buta. Tururi ya rufe masa tabarau. Kifaye suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya, ciki sama.

"Hutawa ce," in ji shi. "Haka manya ke iyo a Ingila, a rigingine."

Alhaji Tahidu ya kai yatsa jikin gilashin, ya janye da sauri yana salati.

Daidai nan surukar Wahabu, Mma Sala, wadda ta zo jiya daga ƙauye, ta shigo da kwanon tuwo. Ta ajiye, ta dubi akwatin da ke tururi, ta tsoma ludayi, ta hura, ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Humu, wa ya ɗora miyar nan? Ba gishiri, ba barkono. Kifin dai ya nuna."

Dattawa suka kife da dariya, har hular wani ta faɗa cikin tuwo. Alhaji ya goge hawaye da hannun babbar riga ya ce, "Karachi, Allah ya ƙara ilimi. Amma ruwan unguwa, mun fi son sa da sanyinsa."

Aka ba Malam Usumanu tela shugabancin. Washegari Wahabu ya shaida wa duk ofis cewa shi ne ya ƙi kujerar, don Tamale ba ta kai matakinsa ba tukuna.

Amma kada a ce ba wanda ya yaba. Magen gidan ta yini tana lasar baki, tana bin Karachi duk inda ya sa ƙafa.